Yadda Iyaye Za Su Hana Waya Shiga Tsakaninsu da 'Ya'yansu

Duk inda iyaye suka zauna a zangunan Kumasi, ko a Aboabo ne, ko Asawase, ko Sawaba, kukan ɗaya ne: waya ta cinye yaran yanzu. Ba a cika tambayar wayar wa ba. Yaro ɗan shekara biyu ko biyar ba shi da waya. Wadda ta fi shafar rayuwarsa ita ce ta hannun mahaifiyarsa da ta aljihun mahaifinsa, wadda take sa idan ya ce "Mma, duba," a amsa masa da "uhm" ba tare da an ɗago kai ba.

Ba zan ce kowa ya rabu da wayarsa ba. Mai sayar da atamfa a Kejetia ta WhatsApp take nuna wa masu saye kaya, mai pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, kira yake jira, mai MoMo, wato mai tura kuɗi ta waya, kuwa wayar ce shagonsa. Shawarar da ta manta da wannan ba ta san zango ba. Abin da nake so iyaye su cimma ƙarami ne kuma mai yiwuwa: yaro ya san cewa a kowace rana akwai lokutan da idan ya kira, za a juyo gare shi gaba ɗaya, da ido da kunne. Ga hanyar, mataki-mataki.

Mataki na farko: ku fahimci abin da yaro yake rasawa

A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da har yau ake koyarwa. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta tsaya cak, ta daina murmushi, ta daina amsawa na kimanin minti 2. Jaririn yakan fara yi mata dariya, ya miƙa hannu, ya yi gwaranci don ya dawo da ita. Idan ta ƙi motsawa sai ya kawar da kai, ya fara mutsu-mutsu, ya fashe da kuka. Daga baya masu bincike sun maimaita gwajin da waya a hannun uwa, suka ga yara suna nuna irin wannan damuwar. Fuskar mai karanta saƙo a daskare take, ko da jikinsa yana kusa.

Akwai wani ɓangare na gwajin da ya kamata kowace uwa ta riƙe: da zarar uwar ta dawo da fara'arta, yawancin jarirai sukan huce su koma wasa. Yankewa sau ɗaya ba ta karya yaro. Abin tsoro shi ne ta zama ita ce al'adar gidan, safe da yamma, ba tare da dawowa ba.

A wani bincike da aka wallafa a 2014, likitar yara Jenny Radesky da abokan aikinta suka zauna a gidajen cin abinci na birnin Boston suna lura da manya 55 da suka zo da ƙananan yara. Cikinsu 40 sun ɗauko waya ana cikin cin abinci, kuma waɗanda suka fi nutsewa a cikinta su ne suka fi yi wa yaran tsawa idan sun nemi a kula su. Duk wanda ya zauna a gidan haya ya san wannan: yaro ya ja zanen uwarsa sau uku ba ta ji ba, a na huɗu ya zubar da koko, sai a ce ba ya jin magana.

Mataki na biyu: ku auna kanku na mako guda, kada ku canza komai tukuna

A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da Samsung, ku shiga Settings ku nemi Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Kada jimillar awanni ta ɗauke muku hankali, domin mai sana'a da waya dole adadinsa ya yi yawa. Abubuwa biyu za ku duba: wace manhaja ce ta fi cin lokaci, kuma a wace sa'a. Awa biyu a TikTok da rana tsaka yara suna makarantar boko daban take da awa biyu bayan Magariba suna zaune a gabanku.

Idan kuna da yaro da ya kai shekara shida, ku tambaye shi a natse: "Wane lokaci ne ka fi jin haushin wayata?" Ku saurara, kada ku kare kanku, kada kuma ku nuna masa ya yi rashin kunya. Idan ya ga fuskarku ta canza, ba zai sake gaya muku gaskiya ba.

Mataki na uku: ku raba neman abinci da yawon waya

Nan ne aikin yake, domin uzurin "ciniki nake yi" yakan rufe abubuwa da yawa da ba ciniki ba. Mutum ya ɗauki waya don ya ga ko kuɗin MoMo sun shigo, sai ya tsinci kansa a guruf ɗin dangi, daga nan guruf ɗin anko na bikin wata, daga nan na adashi, daga nan wani saƙon murya mai minti bakwai. Maza kuma sakamakon ƙwallon Ingila da gardamar siyasa.

Ku zauna da wayar sau ɗaya ku gyara ta. A WhatsApp, ku danne kowane guruf da ba na sana'a ba ku kashe ƙararsa. Zai ba ku zaɓin awa 8, ko mako 1, ko har abada. Ku zaɓi har abada. Saƙonnin ba sa ɓacewa, suna nan suna jiranku. Ku kashe sanarwar TikTok, Facebook da Instagram gaba ɗaya, ku kawar da su daga fuskar wayar ta farko. Ku bar kira da saƙon shigowar kuɗi kaɗai su yi ƙara.

Mai sana'a ta sauke WhatsApp Business, ta saita saƙon da ke amsawa da kansa a sa'o'in da ta zaɓa, misali: "Sannu da zuwa. Daga ƙarfe 6 zuwa 8 na yamma ina tare da iyali, zan amsa da zarar na dawo." A ganina mai saye da ya yarda da kayanki ba zai gudu saboda awa biyu ba, kuma da yawa daga cikinsu su ma iyaye ne. Wanda aikinsa na kira ne, kamar direba ko ungozoma, ya sa layin aikin a ƙaramar wayar nan mai maɓalli da muke kira yam, ya ajiye babbar a ɗaki. Yam tana kawo kira amma ba ta jan mutum zuwa ko'ina. Wata hanyar ita ce Do Not Disturb, wadda ake saitawa ta bar kiran mutanen da kuka zaɓa kaɗai ya shigo, kamar Hajiya ko maigida, da wanda ya sake kira cikin 'yan mintuna.

Mataki na huɗu: ku keɓe lokuta uku, ku ba wayar wurin zama

Alkawarin "zan rage" ba ya ɗorewa domin ba shi da iyaka. Ku zaɓi lokuta da suke da farko da ƙarshe.

Na farko shi ne haɗuwa bayan rabuwa: minti 15 na farko da yaro ya dawo daga makaranta, ko da kai uba ka shigo gida. Ka gama kiranka a ƙofar gida kafin ka yi sallama. Yaro yakan dawo da labari a bakinsa, an doke shi, ko ya ci gwaji, ko wani ya ƙwace masa kuɗin abinci, kuma idan bai samu kunne a wannan lokacin ba, labarin yakan koma ciki.

Na biyu cin abinci, ko waakye ne na safe ko tuwon dare.

Na uku tsakanin Magariba da Isha'i. Allah ya sauƙaƙa mana wannan a Kumasi, domin rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, lokacin ba ya yawo sosai. Kiran salla ne yake buɗe shi, kiran salla yake rufe shi, ba ku bukatar agogo, kuma yaro ɗan shekara uku ma zai gane.

A waɗannan lokutan wayar ba ta zama a aljihu ko a kan cinya, ko da a kife. Ku ba ta wuri guda, saman firiji ko cikin kwano a kan kabad, inda sai an tashi tsaye za a ɗauko ta. Ku mayar da nan wurin cajinta. Idan lokutan uku duka sun yi muku yawa, ku fara da ɗaya ku riƙe shi mako biyu kafin ku ƙara.

Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Babu 'yar kasuwar da mai saye zai tsaya a gabanta yana taya kaya ta ci gaba da kallon bidiyo, domin ta san zai wuce shago na gaba. Yaro ba shi da wani shagon da zai je, shi ya sa ake barinsa yana jira. A siffofin Manzon Allah (SAW) da Imam Tirmizi ya tattara, an ce idan zai juya yakan juya ne da jikinsa gaba ɗaya. Bukhari kuma ya ruwaito cewa yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa. Idan an rage tsawon salla saboda kukan yaro, ban ga saƙon da ya fi ƙarfin a jinkirta shi ba.

Mataki na biyar: idan dole ce, ku faɗa da baki

Za a yi kiran da ba za a iya ƙi ba: rasuwa, ko direban da ya kawo kaya daga Accra yana tasha. A wani bincike da aka wallafa a 2017, masu bincike a Amurka suka sa iyaye mata 38 su koya wa 'ya'yansu 'yan shekara biyu sababbin kalmomi biyu. Ana cikin koyar da ɗaya sai a kira uwar a waya. Yaran sun koyi kalmar da ba a katse ba, ba su koyi wadda aka katse ba, duk da cewa sun ji ta sau da yawa kamar ɗayar. Yankewar ce ta yi ɓarnar.

Saboda haka kada ku ɓace wa yaro shiru. Ku dube shi ku ce: "Sadiya, mai kawo mini kaya ne. Bari in amsa, in na gama sai ki ƙarasa mini labarin." Ku ba ƙaramin yaro ma'aunin da ya sani maimakon minti: "kafin ka gama shan kokon nan." Sannan ku cika alkawarin, ku dawo ku ce, "To, kin ce malama ta ce me?" Wannan tambayar tana nuna mata cewa ba ku yar da maganarta ba. Yaron da aka saba gaya wa "ina zuwa" ba a zuwa, shi ne yake koyon cewa sai ya yi ihu ake jin sa.

Haka nan idan kun ɗauki wayar don wani aiki, ku faɗi aikin: "Zan tura wa Kaka kuɗin magani." Yaro ba ya ganin abin da ke fuskar wayar, bayanta kawai yake gani. Faɗar aikin tana taimakon babba ma, domin da wuya ka ce da baki "zan yi yawo a Facebook" ɗanka yana tsaye.

Mataki na shida: mai jego da mai goyo

Shayarwa tana ɗaukar lokaci, dare yana da tsawo, kuma ba laifi ba ne uwa ta nemi abin da zai hana ta gyangyaɗi. Amma jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nisan kamu ɗaya ko fiye kaɗan, wato kusan tazarar da ke tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta. Ki ware wasu shayarwar na rana, musamman idan idonsa biyu, ki dube shi, ki yi masa magana, ki amsa gwarancinsa. Idan ya yi barci, wayarki ce.

Ga kuma batun hatsari, wanda ba ya bukatar dogon bayani: murhun gawayi a tsakar gida, tukunyar man suya, bahon wanki cike da ruwa, kwatar ƙofar gida bayan ruwan sama, da pragya da aboboyaa mai ɗaukar kaya da ke shiga lungu. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwa kaɗan, kuma ba ya yin ƙara. Muddin akwai wuta ko ruwa kusa da shi, waya ba ta hannu, abin saurare ba ya kunne.

Mataki na bakwai: ku cika lokacin da magana

Wasu iyayen sukan ajiye waya su rasa abin faɗa, sai zaman ya koma "ka yi aikin gida?" da "tashi ka wanke kwano." Ba a bukatar kayan wasa ko kuɗi. Bincike da aka yi a jami'o'in MIT da Harvard na Amurka, aka wallafa a 2018, kan yara 'yan shekara 4 zuwa 6 ya nuna cewa yawan musayar magana, ka faɗa in faɗa, ya fi alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa fiye da yawan kalmomin da ake zuba wa yaro. Wa'azi ga yaro ba hira ba ne.

Ku canza tambaya. Maimakon "yaya makaranta," wadda amsarta "lafiya" ce kullum, ku ce: "Da wa ka zauna yau?" ko "Me ya ba ka dariya?" Ku ja shi cikin aikinku, ya tsince wake kuna hira, ya ƙirga canjin cinikin yau tare da ku. Uba ya karɓi tilawar ɗansa da kansa ko sau biyu a mako, ya ji inda yake tuntuɓe, kada a bar wa malamin makaranta shi kaɗai.

Wannan matakin ya fi nauyi a kanmu mutanen zango fiye da wasu, kuma ina so a lura. A makarantun gwamnati na Kumasi yawancin karatu da Turanci ake yi, harshen gida da ake koyarwa kuma Twi ne. Hausa ba ta cikin harsunan da ake rubutawa a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Yaronmu zai tsinci Hausar lungu da ta kasuwa, amma Hausar gaisuwa da ta ta'aziyya, karin magana, sunayen dangi, labarin yadda kakanni suka biyo hanyar fataucin goro ta Salaga suka zauna a nan, duk daga bakin manya suke fitowa. Daren da aka yi shiru kowa yana kallon wayarsa, waɗannan ba su wuce zuwa ga kowa ba. Ku ce "ga ta nan, ga ta nan ku," ku ji ko yaranku sun san su amsa "ta zo mu ji ta." Idan kun manta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ku kai su wajen Kaka, ku ma ku zauna.

Mataki na takwas: kada wayar ta zama abin rufe bakin yaro

Mafi sauƙin hanyar samun sarari da waya ita ce a miƙa wa yaro wata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi. Binciken Brandon McDaniel da Radesky na 2018 ya nuna cewa abin zagaye yake yi: yaro ya yi rigima, uwa ko uba su gaji su fake a waya, rigimar ta ƙaru. Idan yaro yana kuka, ku ɗauke shi, ku ambata masa abin da yake ji, "ka ji haushi an karɓe maka," ku fita da shi ƙofar gida. Ya fi wahala a ranar, amma ta haka yake koyon hucewa.

Mataki na tara: ku shigo da sauran mutanen gida

Dokar da uwa kaɗai take bi ba ta kai wata guda. Ku yi maganar ku biyu yara ba sa nan, ba da zargi ba: "Baban Sadiya, na lura yaran nan suna ɗokin shigowarka. Me zai hana mu ajiye wayoyinmu daga Magariba zuwa Isha'i?" Ku yarda da wata alama ta tunatarwa da ba za ta kunyata kowa a gaban yara ba. Yayyensu matasa su shiga dokar, kuma su ne za su fi sa muku ido. Matashin da aka ƙwace wa waya alhali uban yana danna tasa a kan tabarmar abinci ba zai ga adalci ba. Manya kamar Hajiya ba a kafa musu doka, ana roƙonsu ne su taya ku da hira.

Gidaje da yawa a zango suna da uba ko uwa a Saudiyya, Kuwait, Jamus ko Amurka. A nan wayar ita ce take haɗa zumunci, kuma kiran bidiyo da ake amsa wa yaro a cikinsa daban yake da kallon bidiyo. Ku tsayar masa da rana da sa'a, ku bar yaron ya yi magana da kansa, ya nuna littafinsa ko haƙorin da ya fita, kada manya su cinye kiran da lissafin kuɗin haya.

Mataki na goma: abin da za ku gani, da lokacin zuwa asibiti

A kwanakin farko yara sukan ƙara manne wa mutum, su yi ta surutu da neman a ɗauke su. Kada ku ɗauka abin ya ɓaci. Sun samu abin da suke nema ne suna gwada ko zai ɗore. Za a yi ranakun da dokar za ta karye, ranar biki ko ranar da ciniki ya rikice. Washegari ku koma kawai. Bayan wata guda ku sake buɗe Digital Wellbeing ku duba sa'o'in yamma, ku sake yi wa yaron tambayar nan ta mataki na biyu.

Akwai abin da ajiye waya ba ya magancewa. Idan jariri ya kai wata 9 zuwa shekara 1 ba ya juyowa in an kira sunansa, ko yaro ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ya daina faɗar abin da ya riga ya iya, ku gaya wa nas a ranar awo, ku nemi a duba jinsa. Idan da bukata za su tura ku babban asibiti kamar Komfo Anokye. Uwar da ta ga tun bayan haihuwa ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi, kuma wayar ce kaɗai mafakarta, ita ma ta faɗa wa nas ɗin a wannan zaman, domin ciwon damuwa bayan haihuwa yana da magani. Maigida ya raka ta, ya riƙe mata yaron yayin da take bayani.